Ajiyar bayanai ƙarƙashin ikon manhaja: nazari da suka kan alkawarin araha, juriya da ƴanci

1. Gabatarwa

Tun daga wajen shekara ta 2012 manyan kamfanonin kwamfuta na Amurka suka shiga tallan wata dabara ta adana bayanai, wadda za mu kira a nan ajiya ƙarƙashin ikon manhaja. Ma'anarta a taƙaice ita ce: maimakon ma'aikata ta sayi akwati na musamman mai tsada, wanda aikinsa kawai riƙe fayafan ajiya, sai ta zuba fayafai irin na kasuwa cikin injunan da take aiki da su, ta ɗora wata manhaja da za ta haɗa su duka su zama rumbu guda. Masu tallan dabarar sun jingina ta bisa alkawari uku: araha, juriya ga lalacewa, da ƴanci daga hannun mai saida kaya.

Manufar wannan maƙala ita ce auna waɗannan alkawura ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar duba manhajoji biyu da suka yi fice, wato vSAN ta kamfanin VMware da kuma Ceph wadda kowa ke iya ɗauka kyauta. Abin da muke son nunawa shi ne: dogaro ga mai akwati ya ragu da gaske, amma nauyin ya koma wurare uku da talla bai cika ambata ba, wato lasisi, igiyoyin sadarwa da ƙwarewar ma'aikaci. Maganar ta shafi duk wata jami'a, asibiti ko ma'aikatar gwamnati da ke shirin zuba kuɗi ga ɗakin injuna, domin abin da ke cikin fayafan nan shi ne sakamakon jarrabawar ɗalibai, takardun albashi da tarihin majiyyata.

2. Kalmomin aiki

Da yake fannin sabo ne ga Hausa, ya kamata mu tsaida ma'anar kalmomin da za mu yi amfani da su. Manhaja ita ce abin da masu aiki da Faransanci ke kira lojisiyel. Inji a nan yana nufin babbar kwamfuta ta ƙarfe da ke ɗakin injuna, wadda wasu ke kira uwar garke. Kwamfutar inuwa ita ce kwamfuta wadda ba ta da jikin kanta: manhaja ce ke yanka mata rabo daga ƙarfin inji, ta yadda inji ɗaya zai ɗauki irinta ashirin ko fiye. Manhajar da ke yin wannan rabo mun kira ta manhajar masauki, tun da injin mai masauki ne, kwamfutocin inuwa kuwa baƙi. Gungu shi ne taron injuna masu aiki tare. Rezo shi ne igiyoyi da akwatunan mahaɗa da ke haɗa injunan. Tera da giga ma'aunin yawan bayanai ne. Tera 1 daidai yake da giga 1000.

3. Asalin matsalar

A shekara ta 2001 VMware ta fitar da manhajar masauki mai suna ESX, a 2003 kuma ta ƙara mata wata hikima mai suna VMotion, wadda ke iya maida kwamfutar inuwa daga wani inji zuwa wani tana cikin aiki, ba tare da an kashe ta ba. Wannan ya sauƙaƙa gyara ƙwarai, sai dai ya zo da sharaɗi: tilas injunan biyu su riƙa ganin faifai guda. Ta haka ne akwatin ajiya na tsakiya ya zama dole ga duk wanda ya shiga harkar. Kamfanoni irin su EMC da NetApp suka riƙa saida akwatuna masu manhajar cikinsu a rufe, da fayafan da ba a saye sai daga wurinsu, da kwangilar kulawa da ake sabuntawa. Sau da yawa kuma akwatin na buƙatar nasa rezo na daban, irin wanda ake kira Fibre Channel.

Cikin akwatin ana kare bayanai da tsarin RAID, wanda Patterson, Gibson da Katz na jami'ar Kalifoniya a Bakli suka bayyana cikin maƙalarsu ta 1988: ana rarraba bayanai bisa fayafai da yawa tare da wani lissafi da zai ba da damar sake gina abin da ya ɓace in faifai ya mutu. Tsarin na kare mutuwar faifai, amma akwatin kansa ya kasance wuri guda da in ya tsaya kowa ya tsaya.

Wata hanyar ta fito daga kamfanin Google. Cikin maƙalar da injiniyoyinsa suka gabatar a 2003 kan tsarin ajiyarsu, sun ɗauki lalacewar inji a matsayin abin yau da kullum, suka ajiye kowane bayani kwafi uku bisa injuna masu sauƙin kuɗi. Daga wannan tunani ne Ceph ta taso: Sage Weil ya gabatar da ita a 2006 yana ɗalibin digiri na uku a jami'ar Kalifoniya ta Santa Kurus. VMware kuwa ta fitar da vSAN a watan Maris na 2014.

4. Abin da dabarar ta kawo na gaskiya

Kafin suka, adalci ne a faɗi amfanin. Na farko shi ne girma sannu a hankali. Mai akwati yakan sayi ƙarfin shekara biyar tun ranar farko, in kuma ya cika sai ya sayi wani ya kwashe kaya. Mai gungu kuwa yana ƙara faifai ko inji guda, manhaja ta sake daidaita rabon da kanta.

Na biyu shi ne rashin shugaba guda da kowa ke jira. Ceph tana da wani lissafi mai suna CRUSH: maimakon a tambayi wani littafi na tsakiya inda bayani yake, kowane inji na iya lissafa wurin da kansa. Ana kuma iya gaya wa lissafin kada ya ajiye kwafi biyu cikin inji ɗaya, ko kanta ɗaya, ko ɗaki ɗaya.

Na uku shi ne ƙa'ida ta kowace kwamfutar inuwa. Cikin vSAN ana iya cewa kwamfutar albashi ta jure mutuwar injuna biyu, ta gwajin ɗalibai kuwa ta jure ɗaya. Cikin tsohon tsari ƙa'idar na bin yankin faifai ne, duk wanda ke cikinsa hukuncinsu ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi ita ce cibiyar binciken nukiliya ta Turai, wato CERN, da ke kusa da Janeba. Tun 2013 ta ɗora fayafan kwamfutocinta na inuwa bisa Ceph, da gungu mai kimanin tera 3000, kuma ajiyar ta ci gaba da girma daga baya. Don haka ba a musun cewa dabarar na aiki. Tambayar ita ce: a hannun wa take aiki, kuma da wane tanadi?

5. Alkawarin araha

Talla yakan kwatanta farashin tera ɗaya na faifan kasuwa da na faifan akwati. Wannan kwatanci yana ɓoye abu mafi muhimmanci, wato bambancin terar da aka saya da terar da za a yi amfani da ita.

Mu ɗauki misali. Ma'aikata ta sayi injuna 4, kowane da fayafai na tera 10, jimla tera 40. Ceph bisa al'ada tana ajiye kwafi 3, kowane a inji daban. Sannan tana fara gargaɗi in faifai ya kai kashi 85 cikin 100, ta daina karɓar rubutu in ya kai kashi 95. In ana son gungun ya warkar da kansa bayan mutuwar inji ɗaya, tilas dukan bayanai su iya shiga cikin injuna 3 da suka rage. Lissafin ke nan: kashi 85 cikin 100 na tera 30 ya ba da 25,5, a raba uku, ya ba da 8,5. Wanda ya sayi tera 40 ya tashi da tera 8,5, wato kusan kashi 21 cikin 100. Akwati mai fayafai 10 bisa tsarin RAID-6 kuwa, 8 daga cikinsu na ɗaukar bayanai, wato kashi 80 kafin a ware faifan jiran gaggawa.

Akwai hanyar rage wannan asara: a yanka bayani gutsure 4, a ƙara gutsure 2 na lissafi, sai a samu kashi biyu bisa uku na abin da aka saya. Amma wannan na buƙatar injuna 6 aƙalla, yana cin ƙarfin inji, yana kuma rage saurin ƙananan rubuce-rubuce, alhali su ne mafi yawan aikin kwamfutocin inuwa. Arahar ke nan tana zuwa ne da girma. Ƙaramin gungu ba ya ganinta.

Abu na biyu shi ne abin da manhajar ke ci daga cikin injin. Ceph tana tada ma'aikaci guda ga kowane faifai, kuma bisa al'ada kowane na neman giga 4 na ƙwaƙwalwar aiki. Inji mai fayafai 10 ya ba da giga 40 ke nan kafin baƙo ko ɗaya ya samu wurin zama.

Abu na uku shi ne maganar “kayan kasuwa”. VMware tana da jerin kayan da ta amince da su. Wanda ya ɗora vSAN bisa faifai ko katin da ba ya cikin jerin, ba shi da hakkin neman taimako. Sabon tsarin vSAN da ya fito a 2022 ya zo da sharaɗin fayafan NVMe zalla, da rezo mai giga 25 a daƙiƙa a lokacin fitowarsa. Ceph ba ta tilasta jeri, amma faifan SSD irin na kwamfutar gida, wanda ba shi da kariyar yankewar wuta, yana rarrafe in an tilasta masa tabbatar da kowane rubutu. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. A nan ma wanda ya sayi faifan araha zai biya da jinkiri.

6. Alkawarin juriya

Cikin akwati, rubutu na tafiya daga inji zuwa akwati ya tsaya. Cikin Ceph kuwa yana zuwa faifai na farko, shi kuma ya aika wa sauran biyun ta rezo, ba a ce wa kwamfutar inuwa “an rubuta” sai duka sun amsa. Rezo ya zama wani sashe na jikin faifai ke nan. Duk jinkirinsa jinkirin ajiya ne, duk yankewarsa tsayawar ajiya ce.

Wannan ya fi fitowa fili lokacin warkarwa. In inji ya ɓace, Ceph tana jira minti 10 bisa al'ada, vSAN kuwa minti 60 in tana zaton zai dawo, sannan su fara sake gina kwafin da suka ɓace. A ce tera 10 za a kwafa ta igiya guda. Igiya mai giga 1 a daƙiƙa, ko da ba ta ɗauke da wani aiki, za ta ci kusan awa 22. Mai giga 10 kuwa awa 2 da ƴan mintoci. Duk tsawon wannan lokaci aikin masu amfani na cunkushe da na warkarwa, kuma kariya ta ragu.

Gungu mai injuna 3, wanda shi ne aka fi tallata wa ƙananan ma'aikatu, yana da lahani na musamman. In ɗaya ya mutu, aiki na ci gaba, amma babu inda za a sake gina kwafin da ya ɓace sai an gyara injin ko an kawo wani. In na biyu ya faɗi kafin nan, Ceph tana tsaida rubutu, domin ba ta yarda ta yi aiki da kwafi ƙasa da 2 bisa al'ada, kuma masu lura da gungun sun rasa rinjaye. Inda kayan gyara ke isowa cikin awa huɗu, wannan ƙaramar matsala ce. Inda sai an yi oda daga waje, a jira jirgi da duwan, gungun na iya yin makonni bisa ƙafa ɗaya.

Babban kuskuren tunani shi ne ɗaukar kwafi uku a matsayin ajiyar gefe. Lissafin juriya duka ya ginu ne bisa zaton injuna na mutuwa ɗai-ɗai, kowane da dalilinsa. Amma akwai musibun da ke faɗa wa kowa lokaci guda. In ma'aikaci ya goge faifan inuwa bisa kuskure, ko ƴan fashin intanet suka kulle shi, manhaja za ta aiwatar da ɓarnar ga kwafi ukun cikin biyayya. Gobara ma haka: ran 10 ga Maris na 2021 wuta ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a Sitirasbur ta Faransa, kuma abokan cinikin da ajiyarsu ta gefe ke cikin wurin guda sun yi asarar bayanai.

Wutar kuran na cikin wannan sahu, kuma nan ne batun ya taɓa mu kai tsaye. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa. Da aka yanke layin a farkon watan Agusta na wannan shekara, biranen ƙasar sun sha doguwar ɗaukewar wuta. Injuna huɗu da ke ɗaki guda, bisa ondiler guda da gurup guda da na'urar sanyi guda, inji ɗaya ne a idon kuran. Tada gungu bayan ya mutu gaba ɗaya kuwa yana da tsari: rezo da farko, sai masu lura, sai fayafai, sannan baƙi. In kuma manhajar kulawa da gungun tana zaune cikin rumbun da take kulawa, sai an san hanyar ɓullo wa abin.

7. Alkawarin ƴanci

Wannan shi ne alkawarin da tarihi ya fi gwadawa. Ran 22 ga Nuwamba na 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware bisa kimanin dalar Amurka miliyar 69, har da bashi. A watan Disamba ya sanar da daina saida lasisin dindindin. Daga nan sai haya ta shekara-shekara. Aka tattara manhajoji masu yawa cikin ƴan ƙunshi kaɗan, aka koma ƙirga kuɗi bisa yawan zukatan masarrafin inji, da sharaɗin biyan zuciya 16 aƙalla ga kowane masarrafi. Inji mai masarrafi 2, kowane da zuciya 8, zai biya kuɗin 32 ke nan alhali 16 gare shi. Ƙungiyar kamfanonin ajiya na Turai mai suna CISPE ta kai kuka ga hukumomin Tarayyar Turai a 2024, kamfanin AT&T kuma ya kai ƙara kotu a Niyok a watan Agusta na wannan shekara kan sabunta kwangilar kulawa da lasisin da ya riga ya saya.

Abin lura shi ne wanda ya fi shiga tsaka mai wuya. Mai akwati na daban yana iya sauya manhajar masauki ya bar bayanansa inda suke, domin akwatin na magana da kowa. Mai vSAN kuwa, masauki da rumbu abu guda ne gare shi: in zai fita, sai ya samu wasu injuna da fayafan da za su karɓi bayanan kafin ya kwance na farko. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Ga ma'aikatar da kasafinta ke da kuɗin sefa, hayar da ake ƙayyadewa da dalar Amurka ƙarin kasada ce, tun da sefa na ɗaure ne da yuro bisa 655,957, yana kuma hawa da sauka tare da shi a gaban dala.

Za a ce manhaja mai buɗaɗɗen tushe ta warware wannan. Ta warware rabi. Lasisin Ceph ba ya barin wani kamfani ya janye ta daga hannun masu amfani, kuma tun 2018 akwai gidauniya ta musamman da ke tallafa mata. Kamfanin Proxmox na Biyana ya haɗa ta cikin manhajarsa ta masauki, abin da ya sauƙaƙa kafa ta. Amma masu rubuta manhajar albashi suke ci, kuma mai biyan albashin na sauyawa. Red Hat ta sayi Inktank, kamfanin da Weil ya kafa, a 2014 bisa dala miliyan 175. IBM ta sayi Red Hat a 2019. A farkon 2023 ma'aikatan ajiya suka koma ƙarƙashin IBM kai tsaye. Misalin Gluster ya isa gargaɗi: Red Hat ta sayi kamfanin a 2011, ta tallata manhajar shekaru, sannan ta kawo ƙarshen kulawa da samfurinta na kasuwa a ƙarshen 2024. Rubutun manhajar na nan ga mai so, amma hannun da ke gyara ta ya ragu.

Sauran rabin shi ne mutum. Akwati in ya samu matsala, ana kiran wanda ya saida shi. Gungun Ceph in ya rikice da dare, ana neman ma'aikacin da ya san Linux, ya san rezo, ya san karanta halin gungu, ya kuma san abin da bai kamata ya taɓa ba. CERN tana da tawaga ta ƙwararru masu wannan aiki. Ma'aikatar da ke da tekinisiye guda ta maida dogaronta ga mutum ɗaya wanda ke iya rashin lafiya, ko tafiya karatu, ko samun aiki mafi tsoka.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya tsaida hukunci kamar haka. Ajiya ƙarƙashin ikon manhaja tana cika alkawarinta inda injuna suka kai biyar ko fiye, rezo ya kai giga 10 bisa hanya biyu, wuta da sanyi suka tabbata, kuma aƙalla mutum biyu suka san aikin. Ƙasa da wannan, injuna biyu da ƙaramin akwati, ko injuna biyu masu aika wa juna kwafi lokaci-lokaci, sun fi sauƙin fahimta da sauƙin tadawa ranar wahala.

Kafin sa hannu bisa kowace takardar ciniki, muna ba da shawarar a nemi amsar tambayoyi huɗu a rubuce. Tera nawa za ta rage bayan an cire kwafi da wurin warkarwa? Awa nawa warkarwa za ta ɗauka bisa rezon da ake da shi? In lasisi ya ƙare ko farashinsa ya tashi, ta wace hanya za a fitar da bayanai, kuma zuwa ina? Wa zai tada gungun in wanda ya kafa shi ba ya nan? Ko wace amsa aka samu, ajiyar gefe a wani gini daban, wadda ake gwada maido da ita lokaci-lokaci, tana nan wajibi. Sassan koyar da kwamfuta na jami'o'inmu kuma suna da rawar takawa: Ceph da Proxmox kyauta ne, tsofaffin injuna uku sun isa ɗalibi ya kafa gungu, ya cire masa igiya da gangan, ya ga yadda yake mutuwa da yadda ake tada shi, tun kafin a damƙa masa bayanan jama'a.